Yadda Laita Ta Mai Da Ni Ma'aikacin Bogi

Bari in gargaɗe ku tun da wuri, masu karatu, don kada ku ji a bakin wani ku firgita: akwai alamar ranar Litinin mai zuwa za a tabbatar a hukumance cewa babu ni. Ba mutuwa zan yi ba, in Allah ya yarda. Lafiyata ƙalau, in ban da tarin da na saba. Cewa dai za a yi tun asali ba a taɓa yin wani mutum irina ba, kuma shekara ashirin da biyun da na yi ina buɗe siton ofishinmu ƙarfe bakwai da rabi, ƙofar ce take buɗe kanta. In haka ta faru, albashi ya tsaya, kuma albashin nan shi kaɗai ke riƙe da 'yata ta fari a makarantar koyon jinya.

Abin da ya jawo duk wannan kuwa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Tsinken ashana ne.

Ni mai shan lofe ne. Na sani, ba sai kun faɗa ba. Likita ya faɗa, uwar yarana ta faɗa har ta gaji. Amma mutumin da yake da 'ya'ya biyar yana bukatar wurin da zai zauna na minti ashirin da yamma ba tare da wani ya ce masa "Baba, an ce mu kawo" ba. Nawa wurin wani benci ne a bayan gida, jikin katanga, daga ni sai lofen da na gada wurin kawuna, wanda wuyansa ya tsage na ɗaure da baƙin zare.

Wanda bai san lofe ba zai zaci kamar sigari ne, ƙyasta ɗaya an gama. Ina! Lofe tsinke uku yake ci. Na farko ka ƙyasta, ka ɗan jira warin kan ya wuce, ka zagaya da wutar a saman tabar har ta kumbura, ka danne ta. Na biyu shi ne kunnawar gaskiya, kana zuƙa a hankali wutar tana sunkuyawa da kanta tana shiga ciki kamar mai ladabi. Na uku kuwa na maƙwabci ne, domin da zarar ta kama sai wani ya leƙo ya ce "ya aiki?", kafin ka gama amsawa ta mutu.

Haka muke zaune lafiya, sai manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka gano cewa abin kunya ne a ce muna sayen ashana daga waje. Nan take suka hana shigo da ita. Suka ce za a gina mana masana'antarmu ta kanmu. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya zagaya ƙasashe uku don ya ga yadda ake ƙyasta ashana a can. Shi kuma Mai Girma Babban Mai Almakashi, wanda ba ya gajiya da yanka kirtani, ya buɗe masana'antar sau uku: ranar da aka sa harsashi, ranar da aka zagaye fili da katanga, da ranar da aka kafa allon suna. A buɗewa ta uku na gan shi a talabijin zai kunna fitilar biki. Aka nemi ashana a wurin aka rasa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da laita mai ruwan zinariya, aka yi ta tafi. Ni ma na tafa daga kan tabarma, don ban san da ni ake ba.

Cikin wata biyu ashana ta yi ɓatan dabo. Mai tiredar bakin layinmu ya koma fito da ita daga ƙarƙashin tebur yana waige-waige, kuɗin kwali ɗaya ya zama na uku a bara. Wadda ake samun ma, in ka ƙyasta sai kan ya fille ya yi tsalle da wutarsa. Ɗaya ta sauka a wandon aikina, ramin yana nan.

Sai na fara shiga kicin a ɓoye. Uwar yara tana ajiye tata a cikin wani gwangwanin madara, bayan risho. Kwana huɗu ina zarar uku-uku, a na biyar na juyo na gan ta tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, da ma kai ne ɓeran?"

"Aro na yi."

"Aro? Toka za ka mayar min? Ka zaɓa, ko risho ko lofe. Wanda ka ga zai dafa wa yaranka abinci, shi za a ba ashanar."

Washegari gwangwanin ya canza wuri, har yau ban gano inda ya koma ba.

Ina zaune a benci da lofe a baki babu wuta, sai tela, maƙwabcina, ya leƙo ta kan katanga da tef a wuya.

"Maƙwabci, yau tsotsonsa kawai ake yi?"

Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai fa har yanzu a zamanin kawunka kake. Sayi laita, malam! Kuɗin kwali biyu ne, ta yi maka wata uku. In ta ƙare akwai mai ɗura mata gas a tasha. Duniya ta ci gaba ta bar ka a kan benci."

Shi telan nan ko hayaƙin turare ba ya so, amma na ɗauki shawararsa. Na sayi ja, ta roba, irin wadda ake ganin ruwan cikinta.

Abin da bai faɗa min ba, don shi ma bai sani ba, shi ne wutar laita ba ta san sunkuyawa ba. Sama take so. Ita kuwa tabar lofe a ƙasa take, cikin rami. Dole ka kifa laitar, kana kifawa kuwa wutar ta biyo hanyarta ta sama, wato daidai kan babban yatsan da ke danne da ita. Ga ƙarfen yana zafi, ga warin gas a baki, ga bakin lofen kawu ya yi baƙi ƙirin. Mai hankali zai daina a ranar farko. Ni sai da na yi mako uku, domin na riga na biya kuɗi. Yatsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, fata ta saɓule. Wadda ta fito a madadinta sumul, tana sheƙi kamar bayan cokali.

A daidai wannan lokacin manyanmu suka sake yin wata basirar. Suka ce ma'aikatan bogi sun yi yawa, kowa ya zo ya dangwala yatsa a na'ura a tantance shi. Wallahi na yaba. Na ma faɗa a ofis cewa yanzu ɓarayi za su gane kurensu.

Ranar Laraba muka yi layi a farfajiyar ofis tun safe. A gabana akwai wani mai kwat da ƙamshin turare, wanda a shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin ƙeyarsa a wurin ba. Ya dangwala, na'ura ta kawo kore, ya shiga mota ya tafi. Na matsa da fara'ata na ɗora yatsa.

Ja.

"Goge shi a riga, Baba," in ji mai na'urar.

Na goge. Ja. Na shafa shi a goshi don ya sami maiƙo. Ja. Na hura masa iska, na lashe shi a gaban mutane, na karanta duk abin da na iya. Ja.

"To gwada na hagu mana, ɗana," na ce.

"Na hagu ba ya ciki. Lokacin da aka ɗauki naku, na dama kaɗai aka ɗauka."

Sai na tuna. Shekara huɗu da suka wuce cajin na'urarsu ya kusa ƙarewa, layi kuma da tsawo, aka ce yatsa ɗaya ya isa. Har godiya muka yi da aka sallame mu da wuri.

Shugaban sashenmu ya taso da kansa.

"Haba, wannan ai mai sitonmu ne. Kujerar da kake zaune a kai ma shi ya fito maka da ita da safe."

"Ranka ya daɗe, ni ma ina ganinsa. Na'ura ce ba ta ganinsa, kuma ita aka ce a tambaya."

Mai na'urar ya kama yatsan ya juya shi, ya ce me ya same shi. Na ciro laitar na nuna masa yadda abin ya faru, har da kifawa. Ya karɓa ya duba, ya ce za a haɗa da rahoto a matsayin shaida, ya sa a aljihu. Ya ce ranar Litinin za su dawo zagaye na ƙarshe, wanda na'ura ta ƙi a ranar, sunansa ya shiga jerin na bogi. Da zan fita na hango shi a bayan ofis yana kunna sigari da shaidar.

Yau kwana uku ke nan lofe yana kan taga, sanyi ƙalau. Uwar yara ta ce a miƙa godiyarta ga hukuma, abin da ta yi shekara ashirin tana fama a kai sun gama shi a yini ɗaya. Ta faɗa tana dariya, amma na ga ta rage cefane ba tare da na ce mata komai ba. Tela kuwa ya daina leƙowa ta katanga, sai dai in ji kekensa yana ta gudu kamar mai aikin gaggawa.

Jiya 'yata mai koyon jinyar ta zo hutun ƙarshen mako. Ta zaunar da ni a bencin, ta wanke yatsan, ta shafa masa wani farin mai, ta naɗe shi da bandeji har ya zama kamar kan taɓarya. Aikinta tsaf. Ina kallonta ina tunanin yaushe ta girma haka.

"Baba, kada ka jiƙa shi, kada ka ɓare, kuma kada in ji an ce ka taɓa wuta."

"To, likita. Amma faɗa min gaskiya. Zanen nan na yatsa, in fata ta warke, yana dawowa yadda yake?"

Ta ɗaure bakin bandejin.

"Ina jin ya danganta da zurfin ƙunar. Ban tabbata ba, Baba. Ba mu zo darasin fata ba tukuna, sai zango mai zuwa."

Kuɗin zango mai zuwan kuwa, daga albashin nan zai fito.

Na tambayi mai kemis, ya ce shi magani yake sayarwa. Na tambayi shugaban sashenmu ko akwai inda ake ɗaukaka ƙara, ya ce ya ji ana shirin kafa kwamiti. Ɗazu na ɗaga gefen bandejin a ɓoye, na kai yatsan rana na ƙura masa ido. Kamar na ga wasu 'yan layuka siri-siri suna tasowa, kamar kuma idona ne. Ban san ko zanen ne yake dawowa ba, in ma shi ne ban san ko irin na da ne ba, kuma ban san ko kwana biyu za su ishe shi ba.