Hisabin da Na Yi wa Umaru a Kasuwar Lolo

Allah Ya sani ni ba ɗan siyasa ba ne. Rabon gado na iya, kuma shi ya ruɗe ni. Ƙanena Umaru kansila ne mai neman zarcewa, sai ya zo ya ce, "Yaya, waɗanda sunka yaba tsarinmu na rabon takin zamani bara, za su koma zaɓenmu bana?"

Na gyara rawani na ce wannan ai ƙaramin hisabi ne. Ranar kasuwar Lolo na zauna a rumfar masu hatsi. Duk wanda ya ce ya ji daɗin takin, sai in tambaye shi ko yana son a ci gaba. Kusan kowa ya ce har abada. Na koma na ce, "Umaru, sayi bijimin sa, a shirya walima."

Ya sha kaye. Ashe yawancin masu yabon manoman ƙasar Benin ne da ke ƙetarowa cin kasuwar. Takin namu iyaka yake tsallakawa, su kuwa ba su da ƙuri'a a nan. Haka nan muka ci naman bijimin, sai ƙarar tauna kake ji.

Har yau in na duba sama na ce za a yi ruwa, sai Umaru ya ce, "Yaya, nan ko Benin?"