Harshen Ustaz Almani

Duk wanda ya ce babu masana a unguwar Bani Malik ta Jidda, to bai taɓa zama kusa da Ustaz Abdulghaffar ba. Allah ya rarraba baiwa a tsakanin bayinsa, wani murya, wani ƙwaƙwalwa, shi kuwa Ustaz ɗanɗano aka ba shi. Ko ruwan shayi ya kurɓa, sai ya lumshe ido ya gaya maka a wace ƙasa ganyen ya tsiro. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, tunda ba wanda ya taɓa zuwa ya duba.

Haifaffen Jidda ne, jikan mahajjatan da suka zo suka zauna. Shekara shida da suka wuce ya raka maigidansa asibiti a Jamus, yana tura masa keken marasa lafiya. Kwana tara suka yi. Kwana taran nan har yau ba su ƙare ba. Ka ce masa ana zafi, ya ce a Jamus ba haka ba. Ka ce masa an haihu a gidan wane, ya gaya maka yadda ake suna a Jamus. Da unguwa ta gaji, sai ta laƙaba masa Ustaz Almani, wato Bajamushe, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa digiri ne.

Fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne bira. Kada hankalinku ya tashi, birar Jidda ce, ruwan sha'ir marar sa maye, wadda ke jere a firjin kowace baƙala, wato kantin unguwa, kusa da nono da lemo. Kullum bayan la'asar Ustaz zai zo baƙalar Kassimu, wani Bamaraɗe mai haƙuri, ya ja kujerar roba gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya tare wa kowa sanyi, ya buɗe makaranta.

"Ku sha kawai kuke yi, ya jama'a," in ji shi. "Ni kuwa sauraro nake yi. Akwai wani fure da Jamusawa ke sa wa bira, sunansa hobs, shi ke ba ta ɗan ɗaci mai daraja. Ku da goro ya kashe muku harshe, ina za ku ji shi? Wallahi goro ne ya mai da mu baya!"

A nan ne gizo ke saƙarsa. Kowace safiya motar Ustaz takan tsaya a bayan masallaci, inda Malam Ya'u, wani tsoho ɗan Damagaram, ke zama da farantin goronsa. Gilashi ya sauka kaɗan, hannu ya fito, hannu ya koma. "Na Mastura ne," in ji Ustaz. Mastura matarsa ce, kuma baiwar Allahn nan ko warin goro ba ta so. Malam Ya'u bai taɓa cewa uffan ba. Manyan yake zaɓar masa.

Ana tsakiyar zafin bana, irin wanda jallabiya ke manne wa mutum a baya tun bai kai ƙofar gida ba, sai ga wani saurayi mai suna Mohannad. Wakilin wani kamfani ne da ya shigo da sabuwar bira marar maye, mai ruwan zinariya, marar nauyi, wadda suka yi domin zafi. Shagra suke ce mata. Kakarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa tsaf amma in zai yi ta sai ta gauraya. Yana neman mutum ɗaya da zai zama fuskar shagra a bidiyoyin talla na masu jin Hausa, daga unguwar Mahjar har Madain Fahd. Kassimu ya nuna masa kujerar roba.

"Ya ammi, abu mai sauƙi," in ji Mohannad. "Kofi uku. Ka fitar da tamu daga ciki, halas, aiki naka."

Ustaz ya yi murmushin tausayi. "Ɗana, da ido kowa ma zai iya. A Jamus rufe ido ake yi. A ɗaure mini fuska da shimagina, ƙyallen nan na kaina. Kuma a ajiye mini ruwa mai gas a gefe, na kurkure baki, don haka masana ke yi."

Gaskiyar magana, yana son aikin nan kamar ransa. Shekara shida yana wa'azi ga masu sayen burodi, ga shi yau duniya za ta san shi. Ya kai jallabiyarsa guga. Ya sanar da dangi har na Makka. Ranar gwaji kuwa ya sa harshensa azumi: ba shayi, ba waken ful, ba yaji, ba goro. Mastura ta ajiye masa abincin rana, ya ce ta ɗauke, kayan aikinsa na hutawa.

Kafin la'asar kansa ya fara sarawa. Wanda ya shekara talatin bai yi wuni ɗaya ba goro ba, yau ga shi ya wuni. Idonsa na ganin bibbiyu yana tuƙi. Da ya faka a gaban baƙala, ya duba hagu, ya duba dama, ya buɗe aljihun mota. Ɓari ɗaya tak, ya ce wa kansa, don kai ya daidaita. Ya tauna, ya tauna, ya ji duniya ta dawo wurinta. Sauran tuƙar ya tura ta can kumatu, ya fito yana gyara wuyan riga.

Baƙala ta cika maƙil, har da Malam Ya'u a bakin ƙofa da farantinsa. Mohannad ya kafa waya ya danna, kai tsaye ake kallo. Aka ɗaure wa Ustaz ido da jan shimagi. Kofi uku a gabansa, kofin ruwa mai gas a gefe.

Ya laluba ya ɗauki na farko, birar da ke firjin Kassimu tun fil'azal. Ya juya ta, ya shinshina, ya kurɓa, ya wuce da ita kunci zuwa kunci.

"Ta yara ce," in ji shi. "Sukari da kumfa. Yalla, a kawo wata."

Jama'a suka gyaɗa kai. Ya ɗauki na biyu. Ita ce shagra, Mohannad har ya matso da waya kusa. Sai dai bakin da goro ya riga ya cika da ɗaci, ina zai ji ɗan ɗacin wani fure? Ustaz ya yamutsa fuska, ya ture kofin.

"A'uzu billahi! Wannan ai ruwan wankin tukunya ne. Ba hobs, ba asali, ba tarbiyya. Wanda ya yi ta bai taɓa ganin Jamus ko a taswira ba. Ko raƙumi ba zan ba wa ba!"

Mohannad ya ja wayar baya. Ustaz kuwa zance ya yi daɗi, yana ta wurgi da hannuwa yana kwatanta gonakin da ya hango ta tagar asibiti. Kassimu ya ga kofunansa za su zube, sai ya janye na ukun ya matsar da shi baya. Da Ustaz ya gama huɗuba ya miƙa hannu, abin da ya taɓa shi ne kofin gefe.

Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Sannan ya dafa ƙirji.

"Allahu akbar. Ga ta nan! Ya jama'a, ku ji yadda ba ta da nauyi! Ku ji ƙwayoyin gas na rawa a harshe! Ɗacin hobs ya fara gaisuwa, sai wani zaƙi mai kunya ya biyo baya. Wannan ita ce shagra ta gaskiya, irin wadda na sha a Jamus. Na sa hannu, na sa suna!"

Kowa ya ga kofin, fari tas, har ana hango yatsunsa ta ciki. Sai Malam Ya'u ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Alhaji, ai haka ruwa yake in an sha shi a kan goro. Ɗaci ya wuce, zaƙi ya zo. Na safen nan ne ko na jiya? Na jiyan ya fi ɗaci, na gaya maka ka gaya wa Hajiya Mastura."

Wai! Dariyar da aka yi ranar, har mai wankin mota na tsallaken titi sai da ya leƙo. Ustaz ya fizge shimagi, ya ga ruwa a hannunsa, ya buɗe baki zai yi bayani, sai jar tuƙar goro ta faɗo a kan farar jallabiyar da aka goge. Mohannad ya kashe waya a hankali, ya kwashe kwalabensa, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi. Za mu kira ka." Har yau wayar ba ta shigo ba.

Amma kada a ce Ustaz bai samu abin da ya nema ba. Duniya ta san shi, bidiyon ya kai har Zinder da Anjamena. Kassimu kuma ya ba Malam Ya'u wuri a cikin sanyi, dab da firji, daidai inda kujerar roba take a da. Yanzu in zafi ya ishe ka a Bani Malik, shiga kawai ka ce a ba ka Almani ɗaya. Za a miƙo maka kwalbar ruwa mai gas da ɓarin goro.