Ranar da Dodona Ya Yi Muryar Baba Dakta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko haƙorana sun zube, da ranar da na kai kaina mahauta da ƙafata. Lokacin kullen korona ne, muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Setapak, ba fita sai dai ka leƙa shagon abinci na mamak ka yi tapau, wato a ƙunsa maka, ka dawo. Zaman banza ya sa na ƙirƙiro wasa. Ni ce mai ba da labari, kowa ya zaɓi ko shi maharbi ne ko boka ko bafatake, in ya ce zai yi abu sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Ta bidiyo muke yi duk Asabar, wasa ya karɓu har na fara jin kaina.

Sai ga surutu, wai caca muke. Magana ta kai kunnen Baba Dakta, shugaban ƙungiyar Hausawanmu, dattijon da ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya ya ce "a matsayina na babba". Ya ce za a cire wasan daga zauren ƙungiya, inda nake samun 'yan wasana. Ni da taurin kai na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani da idonka kafin ka yanke hukunci." (Wa ya aike ni?)

Abin da na manta shi ne, mugun dodon da ke tsare rijiya a labarin, muryar Baba Dakta na ara masa tun makon farko, kuma bakina ya riga ya saba.

Ya shigo, ya rufe kyamararsa, ya yi shiru har na manta da shi. Da 'yan wasa suka isa rijiya sai na zare ido, na kumbura wuya: "Ehem! A matsayina na babba, ba mai shan ruwan nan!"

Sai Anti Rabi matarsa, wadda ke fitowa a bokanya, ta ƙyalƙyale da dariya: "Wallahi Abban Yusra, kai ne sak!" Ta waya biyu muka ji ta, tunda falo ɗaya suke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Na gani, 'yata. Ba caca ba ce, rashin kunya ce." Kafin la'asar an cire mu.

Na kira na ba shi haƙuri kan muryar, don na yi laifi. Da ya ce in daina wasan kuwa, na ce a'a, ai da bakinsa ya wanke shi. Muka buɗe namu zauren, Anti Rabi ce ta fara shigowa.

Darasin da na koya: in za ki ari muryar babba, ari ta wanda matarsa ba ta cikin wasan.