Ranar da Gimbiya Ta Kai Ni Ƙofar Suruki

Jama'a, ku taya ni godiya, domin ranar Asabar ɗin nan saura ƙiris in rasa mata a layin mai. Ba mutuwa ba, Allah ya kiyaye. Jira ne ya so ya cinye min ita, kamar yadda ya cinye mana hanya da gada da ruwan famfo.

Bari in faro daga tushe. Akwai wata baiwar Allah a Adabka mai suna Khairat, wadda in ta yi murmushi sai in manta da tsadar masara. Na karanta littattafan soyayya har idona ya nemi tabarau, na ga jarumai suna ƙetare teku suna kokawa da aljanu saboda masoyiya. Ni ba a nemi ko ɗaya daga cikin wannan a wurina ba. Abin da mahaifinta, Malam Badaru, ya ce shi ne in turo manyana a sa rana. Daga Anka zuwa Adabka, shi ke nan.

Kuma ina da mota. Ƙarama ce, tsohuwa, tun zamanin da ake sa kaset. A hannun wani tsohon malamin makaranta na saye ta a Gummi, wanda sai da ya share ƙwalla ranar da ya miƙo min makulli. 'Yan unguwarmu Gwangwanin Madara suke ce mata, ni kuwa Gimbiya nake kiranta. Ba ta da abin sanyaya ciki sai tagar da Allah ya hore, kuma ƙofofinta na baya sun daina buɗuwa ta ciki, sai an zagayo an ɗan ɗaga su da gwiwa. Amma shan manta kamar kurkurar bakin mai azumi ne, duk wani bakanike tsakanin Anka da Gummi ya san cikinta kamar gidan kakarsa, kuma tun da muka haɗu ba ta taɓa yasar da ni a hanya ba.

Sai dai Gwaggo Zulai, ƙanwar mahaifina, wadda ita za ta riƙe goro da alewa ta shiga wajen mata, ta ce atafau ba da ita ba.

“Kamilu, da wanga gwangwani za mu neman aure? So kake a ce dangin ango sun zo cikin akurki? Ai ko kaza sai ta duƙa.”

Nan maƙwabcina Faruku ya shigo maganar. Shi ɗan rakiya ne a gidan wani babba daga cikin manyanmu, wanda ba zan faɗi kujerarsa ba, amma mu kira shi Mai Girma, Garkuwan Gobe, Alhaji Za-A-Duba. Allah ya ƙara masa lafiya, yana da baƙaƙen motoci jere a ƙofar gida kamar shanu a mashaya, duk an saye su ne don a yi mana hidima. Faruku ya bugi ƙirji ya ce zai samo mana aron guda, ni dai in zuba mai.

Karon farko da aka tsayar da ranar zuwa, motar ta tafi ɗauko Hajiyar Mai Girma daga biki. Karo na gaba ta tafi duba aikin hanya, wato an je an tsaya a gefen allon kwangila an ɗauki hoto. Duk wannan fa Malam Badaru yana barin gonarsa a tsakiyar damina, a shimfiɗa tabarmi, a dama fura, a yanka zabi, sannan a kira shi a ce a yi haƙuri.

Ranar Alhamis Khairat ta hau tudun da suke samun sabis ta kira ni. Muryarta ba wasa.

“Malam marubuci, Baba ya ce in Asabar wagga ta wuce ba ku zo ba, a bar magana. Shi ba ya ba da ɗiya tai ga mutanen da ba su san ranar da sunka sa da bakinsu ba.”

Na ce, “Hasken idona, ko da rarrafe...”

Ta ce, “Bar waƙa, taho da mutane.”

To, ga ni ranar Asabar tun da aka idar da asuba, cikin layin mai, jarkoki a bayan Gimbiya, don in ciyar da motar aro. Layin ba ya motsi. Rana ta fito ta same mu, ta gaishe mu, ta hau ta zauna a kanmu. Na kusa isa bakin famfo ke nan sai muka ji jiniya. Baƙaƙen motoci suka shigo ta ƙofar fita, domin manya ba su shiga ta inda talaka ke shiga, kada a samu cunkoso. Aka janye tiyo daga tankin wani mai babur aka juya wajensu. A kujerar gaba ta motar ƙarshe, wa zan gani? Faruku, ya jingina gwiwar hannu a taga.

“Faruku! Yau ce fa!”

“Kwantar da hankalinka, ango! Oga za mu raka ya buɗe rijiyar burtsatse, yanzun nan za ka gan mu.”

Mai babur ɗin da aka ƙwace wa tiyo, wani dattijo mai buhun taki a baya, ya ce, “Wanga burtsatse ba shi na anka buɗe bara ba?”

Faruku ya ce, “Shi ne, Baba. An sake masa fenti.”

Kada ku ce ina ƙorafi. Ni ina yaba wa manyanmu bisa wannan tattali. Wasu ƙasashen sai su yi ta haƙa rijiya suna ɓarnar ƙasa, mu kuwa guda ɗaya ta ishe mu buɗewa har jikoki. Ruwa ne dai ba ta fara bayarwa ba, amma ai komai da lokacinsa.

Da motocin suka sha suka ƙoshi, ɗan abin da ya rage aka ɗiga mana. Na dubi jarkata, ko rabi ba ta kai ba. Wannan in aka zuba wa motar Mai Girma, ko daga ƙofar gida ba za ta gama juyawa ba. Na dubi Gimbiya, ta dube ni da fitilarta guda mai ɗan hawaye, na ji kunya ta kama ni. Hausawa sun gama magana: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na juye mata man, na murɗa makulli, ta amsa tun kafin in rufe bismillah.

Da na isa gida da ita, Baffa Namadi, yayan mahaifina kuma wakilina, ya tattare babbar riga ya shige baya. Gwaggo ta tsaya tana salati.

Baffa ya ce, “Zulai, ko ki shigo ko ki ba mu goro. Kunyar mota ta fi kunyar ƙarya?”

Ta shiga kusa da shi, ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kada a gane ta.

Wanda ya san hanyar nan bayan an bar kwalta ya san ba hanya ba ce, jarrabawa ce. Gimbiya ta bi ramuka tana kewaye su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida dangi. Muka iso wani mashigin ruwa inda aka yi mana alkawarin kwalbati tun ina makarantar allo. Allon kwangilar na nan tsaye, ya yi tsatsa, har kurciya ta yi sheƙa a bayansa. Ruwa ya wuce, ya bar laka, Gimbiya ta shiga ta zauna.

Gwaggo ta ce, “Na faɗa! Aure ya mutu a taɓo!”

Na hango Khairat tana leƙen hanya, na hango tabarmi ana naɗewa. Sai ga wasu Fulani makiyaya da manoma biyu sun tsaya. Babu wanda ya tambayi ko mu su wane ne. Suka kama ta nan da can, da Gwaggo da goronta a ciki, suka ɗaga suka dire a kan busasshiyar ƙasa kamar an sauke tukunya daga murhu. Ɗaya daga cikin makiyayan ya karkaɗe hannu yana dariya, ya ce maraƙinsa ya fi ta nauyi. Ya ce babbar mota in ta kafe a nan, sai ta kwana tana jiran tarakta. Baffa ya raba musu goro, muka wuce.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowa ya san mai neman aure ba ya nuna fuskarsa ranar da manya ke magana. Kunya ce, kuma ita ce adon abin. Shirinmu shi ne in sauke su a bakin gari in ɓuya a gindin wata tsamiya. Amma azahar ta gota, gwiwar Baffa ba ta son tafiya, sai na ce bari in kai su ƙofar gida in sunkuya ƙarƙashin sitiyari. Na manta da ƙofofin baya.

Muka tsaya. Ga Malam Badaru zaune a kan tabarma da mutanensa, suna kallo. Baffa ya ja marfi, shiru. Gwaggo ta ja, shiru. Dangin ango sun iso, amma sun kasa fitowa. Gwaggo ta ce cikin raɗa mai ƙarfi, “Fita ka buɗe mu, ɗan nema!”

Na jawo hula har kan gira, na fito a duƙe, na sa gwiwa na ɗaga ƙofa. Ina shirin komawa sai na ji murya.

“Direba! Taho ka sha fura, ka sha hanya.”

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na durƙusa can nesa da tabarma, kaina a ƙasa. Malam Badaru ya san ni sarai, ya sha ganina ina tsere wa idonsa a bakin zaure. Amma ya ci gaba kamar bai taɓa ganina ba.

“Direba, kai da kake ɗaukar su, yaron nan Kamilu, wane irin mutum na?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam... ana dai cewa ba shi da laifi.”

“An ce mani yana da dogon buri. Wai sai da motar manya za ya turo mani baƙi.”

“Ya tuba, Malam.”

Mutanen tabarma suka kwashe da dariya, har da Baffa. Malam Badaru ya tashi ya zagaya Gimbiya, ya duba taya, ya ɗan ƙwanƙwasa bayanta kamar mai tayin saniya.

Ya ce, “Ka gaya mashi Allah ya so shi. Da cikin baƙar motar nan kunka zo, da ba ku iso ƙofar gidana ba. Mutanen garin ga sun daɗe suna jiran ta, suna da tambaya game da kwalbati. Da sai sun tsare ku har magariba, ku ba da amsar abin da ba ku ci ba.”

Gwaggo, da ke bakin zaure da goro a ka, ta juyo ta ce, “Ai ni tun farko na ce mu taho da tamu.”

Aka kore ni zuwa gindin tsamiya, manya suka yi maganarsu. Ban daɗe ba wata mata ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, na ji ta har cikin ƙashina. An sa rana, bayan an kai amfanin gona gida. Na rungume sitiyari na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba sai wata akuya da ta tsaya tana kallona.

Da za mu tafi, Malam Badaru ya aiko Baffa da saƙo. Wai tunda direban nan yana cika alkawari, Inna, mahaifiyar Khairat, tana da ganin likitan ido a Gummi ranar Talata. Akwai kuma buhunan iri da za a ɗauko, da wata gwaggonsu a Gwashi da ta daɗe tana son zuwa gaisuwa.

Sai yanzu na gane hikimar manyanmu, Allah ya ja zamaninsu. In ka zo ranar da ka ce za ka zo, sai a ɗora maka wani kayan. Su kuwa da ba su taɓa zuwa ba, dubi yadda wuyansu ya yi kauri don hutu. Ni dai Talata ina layin mai tun asuba, in akwai mai son gaisawa da angon.