Fankar Fijo a Gindin Gangar Banda

Da kyakkyawar niyya na fara, Allah ne shaida. A Gumel ne, washegarin Babbar Sallah, na ƙudura hutar da mai ɗakina daga gadin wutar banda. Na samo fankar tsohuwar Fijo wurin wani bakanike a Maigatari, da 'yar na'urar da ke tayar da ita idan inji ya ɗau zafi. Na zana tsarin a takarda da ajami, na haɗa da batir a gindin ganga.

Ta ce, "Malam, bari dai in zauna kusa."

Na ce, "Je ki gaishe-gaishenki, wannan aikin ilimi ne."

Na jera cinyoyin ragon layya, rabon surukaina na Gagarawa, na yi bisimilla, na tafi Azahar.

Abu ɗaya na manta. A mota fanka sanyaya inji take yi, a kan garwashi kuwa hura wuta take. Da zafi ya ƙaru, sai ta tashi ta ƙara masa. Na dawo na tarar da gawayi mai siffar cinya, fanka na ta juyi bilhaƙƙi.

Har yau, duk Sallah, ƙanen matata yakan aiko: "A gai da Injiniya. Namu ɗanye muke so."