Dankalin da Kaka ta shirya wa Malam

Ko na manta da komai na makarantar elementare ta Kontagora, ba zan manta da dankalina ba. Zamanin Turawa ne, ina aji biyu. Malaminmu ya ce kowa ya kawo dankali guda, a tsoma gindinsa a ruwa cikin gwangwani mu ga yadda yake tsiro. Wanda nasa ya fi kyau, shi zai tsaya ya yi wa Baturen makaranta bayani in ya zo rangadi. Ni kuwa na riga na gaya wa duk unguwarmu ni ne zan tsaya (bakina ya fi ƙwaƙwalwata sauri tun ina yaro).

Na je gida na ce wa Kaka Malam yana son dankali. Ta zaɓi mafi girma, ta ce, "Ba a kai wa malami ɗanyen abu, rashin kunya ne." Ta dafa shi, ta ba ni. Ni ɗan 'yan kasuwa ne, ban taɓa riƙe fartanya ba, sai na ga ai ta ƙara masa daraja. Na tsoma shi a gwangwani ina taƙama.

Na kowa ya fitar da saiwa, ya yi ganye. Nawa yana zaune kamar maigari. Na sake masa ruwa, na kai shi rana, har addu'a na tofa masa.

Ranar da Bature ya zo, ya bi gwangwanaye yana gyaɗa kai, da ya iso nawa sai ya toshe hanci. Malam ya danna dankalin, yatsansa ya nutse.

"Kai, wannan dafaffe ne?"

"I, Malam," na ce da ƙarfi. "Har da gishiri."

Aji ya fashe da dariya, Bature ma da aka fassara masa sai da ya cire hula don dariya. Na ji kunya kamar in narke.

Da na kai wa Kaka ƙara ina kuka, ta ce, "Laifin malaminku ne, jikana. Da ya ci tun ranar, ai da bai lalace ba."

Tun daga nan, in aka aike ni gida, nakan faɗi abin da za a yi da saƙon kafin a ɗora tukunya.