Raƙumin da Na Tsayar

Kafilina, Balaraben da ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasarsu, ya sa ni sharar ofishin wani tsohon Ba'amurke mai zana katun na talabijin. Na tarar da takardu jibge a teburinsa, duk zanen raƙumi ɗaya ne. Na ce tsufa ne, yana zane yana mantawa. Na ajiye masa mafi kyau, sauran na zuba a shara, ina jiran tukuici.

Da ya shigo bai yi faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa.

Tafintansa ya ce, "Kai Malam! Kowace takarda taku guda ce, tafiya raƙumin yake yi!"

Kafili ya mayar da ni ɗaukar bulo a Dir'iyya. Har yau in na shiga unguwar Batha 'yan garinmu cewa suke, "A ɓoye iƙama, ga mai shara nan!"